Kayar da abokin karawa ba shi ne nasara a damben boksin ba

Daren 28 ga Oktoba, 2023, a Riyadh, Francis Ngannou ɗan Kamaru ya ɗirka wa Tyson Fury, ɗan damben Birtaniya, hagu a turmi na uku, ƙaton nan ya zube ƙasa. Da aka gama turmi 10 aka ɗaga hannun Fury, sai majalisu suka kaure da cewa an yi wa ɗan Afirka fashi. Hujjar mutane ɗaya ce: ai ya kayar da shi.

Na san inda wannan fahimta ta samo asali. A dambenmu na gargajiya, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, zance ya ƙare, makaɗa su ɗauka. A boksin kuwa, in wanda ya faɗi ya miƙe kafin alƙalin cikin fili ya ƙirga 10, wasa na ci gaba.

Alƙalai uku ne ke zaune a gefe, kowa da takardarsa, kuma kowane turmi ana ba shi makinsa daban. Wanda ya ci turmi yana samun 10, ɗayan 9. In an kayar da mutum, yawanci 10 da 8 ake rubutawa. Wato faɗuwar Fury maki biyu kacal ta ba Ngannou a turmi guda, saura turmi tara kowanne da lissafinsa.

Alƙali ɗaya ya ba Ngannou 95 da 94, biyu suka ba Fury 96 da 93, da 95 da 94. Ni ma raina ya so Ngannou ya ci. Amma mai son yin gardama ta gaskiya, sai ya nuna turmin da aka ba Fury bai cancanta ba.