Fakto, ninki da firam: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da aka koma hutu ɗalibai da iyaye ke jefo mini tambayoyin nan, a aji, a ƙofar masallaci, har wurin mai shayi. Ga su nan na amsa gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malam, mene ne fakto?

Lambar da ta raba wata ba saura. Faktocin 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Shi ke nan.

To ninki fa?

Jadawalin "sau" ne da kuka ƙi haddacewa a firamare. Ninkin 6: 6, 12, 18, 24, haka dai ba iyaka.

Wace lamba ce firam?

Mai fakto biyu rak, wato 1 da ita kanta. Ƙananan hukumomin jihar Sakkwato 23 ne. Kasa su kashi-kashi daidai wa daida mu gani. Ba za su kasu ba, sai dai ɗaya-ɗaya ko a dunƙule.

1 firam ce?

A'a. Fakto ɗaya gare ta. Na faɗa bara, na faɗa bana.

Ai duk lambar da 2 ba ta raba ba firam ce ko?

Wa ya gaya maka? 51 ai 3 sau 17 ce, 91 kuma 7 sau 13. Wannan 91 ɗin ta kayar da yara a jarrabawa fiye da zazzaɓi. Ita 2 kanta firam ce, kar ka manta da ita.

Ina amfanin wannan a rayuwa?

Je ka zauna inda ake rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata, uwa da ɗa. Mata na da tumuni (ɗaya bisa takwas), uwa na da sudusi (ɗaya bisa shida). Malam zai nemi ƙaramar lambar da 8 da 6 duk suka raba, ya ce asalin mas'ala 24: mata 3, uwa 4, ɗa ya kwashe 17. Ƙaramin ninkin tarayya ke nan da kake wa kuka a aji.

Idan aka ba ni babbar lamba ba kalkuleta, ya zan gane firam ce?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Gajeriyar hanya dai babu, amma akwai rage wahala. Mu ɗauki 1817, shekarar rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Fara da masu arha. Ta ƙare da 7, to 2 da 5 sun fita. Tara lambobinta, 1 da 8 da 1 da 7, ka samu 17, wadda 3 ba ta rabawa, to 3 ma ta fita. Daga nan sai rabawa da hannu, amma da firam kaɗai, don abin da 3 ta kasa rabawa 9 ba za ta raba ba. Kuma ba sai ka kai 1816 ba: 43 sau 43 ya ba da 1849, ya zarce lambarmu, saboda haka in akwai mai raba ta, dole a samu ɗaya daga 41 zuwa ƙasa. Gwada 7, saura 4. Gwada 11, saura 2. 13, 17, 19, duk da saura. A nan ne yara ke gajiya su rubuta "firam". Da sun ƙara taki ɗaya, da sun ga 23 sau 79 ya ba da 1817 cif.

Akwai dabarar gane rabuwa da 7, wasu malamai na koyar da ita, ban ce kar a koya ba, amma ni a ganina kafin ka tuno ta ka gama rabawar. Hanyar nan kuma tana da iyakarta: lamba mai gida uku ko huɗu za ta yi maka, in ta kai gida goma sai kwamfuta. Kwantar da hankalinka, mai shirya jarrabawa ma bai cika wuce nan ba. Haddace firam 25 da ke ƙasa da 100, galibi sun ishe ka.

Wace ce firam mafi girma?

Babu. Yukilid, masanin lissafi Bagirke, ya tabbatar ba su ƙarewa tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wata babbar firam da aka gano a Oktoban 2024 gidajenta sun haura miliyan 41, kuma kar wanda ya ce in rubuta masa ita a allo.