Doki na ɓalla shinge: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara da an sauko daga Hawan Daushe, an kwance wa dawaki kaya, sai waya ta dame ni. Mutum ya kewaye fili a bayan gari, ya kwance dokin da bai san komai ba sai turke, kwana uku an tsinto shi a gonar mutane. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Dangar kara za ta riƙe doki?

A'a. Abinci ka kewaye shi da shi. Zana ma haka.

Tsayin shinge nawa ya kamata?

Ƙafa 5. In ingarma ne, ƙafa 6.

Waya mai ƙaya fa, tunda ta fi araha?

Alhaji, don Allah ka daina yi mini wannan tambayar. Doki ba sa ba ne. Fatarsa ba kauri, kuma in ƙafarsa ta maƙale ba ya tsayawa a kwance shi, fizga yake har sai wani abu ya tsinke, ko wayar ko jijiyar. Na taɓa riƙe ragamar wani akawal (baƙin doki) ana wanke masa irin wannan yanka a bayan ƙafa, tsoka a waje, ƙuda na bi. Bai sake hawan sallah ba. Ga kuma ciwon sarƙewar haƙora da ke shiga ta rauni, wanda doki ba ya jure masa ko kaɗan. Kuɗin da ka yi tattali a waya, a asibitin dabbobi na jami'a a Samaru za ka kashe ninkinsa.

Na kafa sanduna sababbi, ba a shekara ba sun kwanta. Me ya faru?

Gara ta ci, ko raminka bai yi zurfi ba. Haƙa ƙafa 3, tazara kada ta wuce ƙafa 8, ka sa ƙirya ko azara ko fayif da kankare. Giccen kuma ta ciki ake buga shi, don in ya jingina ya tura sanda, ba ƙusa ba. A watan Agusta ƙasa ta sha ruwa, ƙuda da kaska sun sa shi susa, ranar nan za ka san aikin da kafinta ya yi maka.

Ingarmana lafiya lau yake, amma tun da maƙwabci ya kawo goɗiya yake dukan shinge da ƙirji. In sa wayar lantarki?

To, wannan kam sai mun zauna. Wayar na iya aiki, amma ya danganta. Da farko ba wutar NEPA ake nufi ba, kada wani ya ja waya daga soket ya kashe doki ko ɗan mutane. Na'ura ce ta musamman, da batir ko sola, tana sakin wuta kusan sau ɗaya a daƙiƙa, ta firgita ba ta kisa. Sannan ita kaɗai ba shinge ba ce, tsoro kawai take koyarwa. Ana ɗaura ta a cikin shinge mai ƙarfi daidai ƙirjinsa, kuma farar mai faɗi ta fi, don yana ganinta. Da rani a nan Zariya ƙasa kan bushe ƙamas, wutar ta yi sanyi, sai an riƙa zuba ruwa a gindin ƙarfen na'urar da ake kafawa a ƙasa. Da damina kuma ciyawa ce ke taɓa wayar ta janye wutar. In unguwar da yara, ka sanar da mai unguwa tukuna.

Duk da haka ba zan yi maka alkawari ba. Goɗiya kan nemi namiji kusan duk kwana 21, kuma akwai ingarman da in ya ji warin nan bai san zafi ba. A ganina raba su ya fi: shinge biyu, tsakani kamar ƙafa 10, yadda hanci ba zai kai hanci ba. In da hali a tare masa gani da katangar bulo, ko da yake wani dokin in bai gani ba ya fi haukacewa, sai ka gwada ka lura. In fili ya yi kaɗan, ku yi magana da maƙwabcin a riƙa sakinsu bi da bi. Ka duba abincinsa ma: dawa da dusa tuli, ba sukuwa, ƙarfin nan dole ya sauke shi a wani wuri.

Yana cin katako, maita ce?

Zaman banza ne da yunwa. Doki a sake yakan yi fiye da rabin yini yana kiwo, kai kuma ka ba shi dami ɗaya da safe ka tafi Sabon Gari. Ƙara harawa da ciyawa, sa kanwa, kada ruwa ya yanke. Kwantar da hankalinka, yawanci yana bari.

In shuka aguwa ko bini da zugu a gefe?

Kada ka soma. Duka guba ne, zurma ma haka.

Shinge bai karye ba, amma kullum da asuba yana waje.

Ƙofa ce. Ko yaron barga ya manta, ko dokin ya iya zare sakata da leɓe, suna iyawa sarai. Sa sarƙa da kwado, makullin a aljihunka.