Monopoli: babakere a harkar kasuwa

Monopoli, ko babakere kamar yadda aka fi cewa da Hausa, shi ne yanayin da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ko gwamnati ke riƙe da sayar da wani kaya ko wani aiki ita kaɗai, babu wani na biyu da mai saye zai je wurinshi, kuma babu wani kayan da zai maye gurbin wannan ɗin. Asalin kalmar daga Girkanci ne, monos wato ɗaya tilo, da polein wato sayarwa. A Nijar mun same ta ta hanyar Faransanci, shi ya sa za ka ji ƴan boko da ma'aikata a Maradi suna cewa monopol, amma ƴan kasuwa su babakere suke cewa, ko kane-kane, ko su ce wane ya mamaye kasuwa.

Abin ba sabo ba ne. Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya kawo labarin Thales na Miletus wanda ya hango cewa zaitun zai yi albarka a wata shekara, sai ya bi tun da sauran lokaci ya kama hayar duk wuraren matsar mai da araha, da kaka ta zo kowa na neman wurin matsa sai shi ke yanka kuɗin da ya ga dama.

Yadda ake amfani da kalmar

Mutane na yawan jifan duk wanda ya yi ƙarfi a kasuwa da wannan kalma, kuma a gaskiya ba daidai ba ne. Alhajin da ke da manyan motoci da magaza cike da shinkafa ba ɗan babakere ba ne matuƙar akwai wasu da ke shigo da shinkafa kuma kana iya juyawa ka tafi gare su. Ma'aunin shi ne: in ya ƙara kuɗi yau, ina za ka? In amsar ita ce babu, to shi ne monopoli. In kuma manya uku ko huɗu ne suka riƙe harkar, masana tattalin arziki oligopoli suke cewa, in suka haɗa baki a kan farashi kuma ya zama kartel, irin OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, da aka kafa a 1960.

Haka nan babakere daban, ɓoye kaya daban, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya. Mai sayen hatsi da kaka lokacin da tiya ke da araha ya kulle a rumbu sai bazara ta yi nisa mutane sun galabaita sannan ya fitar, wannan malamai ihtikari suke kiranshi, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ke cewa ba mai yin ihtikari sai mai laifi. Mutum na iya yin haka ko da ba shi kaɗai ke da hatsi a gari ba.

Inda yake samo asali

Wani lokaci doka ce ke ba da shi, kamar dokar gishiri a Indiya wadda Gandhi ya yi tattakin ƙin jininta a 1930. Wani lokaci kuma yanayin aikin ne, ba zai yiwu kamfani uku kowa ya kafa turakunshi ya ja wayar lantarki a titi ɗaya ba, asara ce, don haka NIGELEC da aka kafa a 1968 ita kaɗai ke raba kuran a gidaje. Akwai kuma na ƙarfin tsiya, a karya farashi har ƙanana su durƙushe sannan a saye su. Standard Oil ta John D. Rockefeller, wadda aka kafa a 1870, ta kai ga riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a Amurka, har aka yi dokar Sherman a 1890, kotun ƙoli ta farfasa kamfanin gida 34 a 1911. A Agustan 2024 ma wani alƙali a Amurka ya yanke cewa Google ta yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a harkar bincike a intanet.

A ƙasar Maradi

Nan ne abin ya fi daɗin dubawa, don dattawanmu sun rayu cikinshi. Zamanin Turawa kantunan kamfanonin Faransa CFAO da SCOA da ire-irensu ke sayen gujiya, wato gyaɗa, bayan samun ƴancin kai kuma gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta ba ta ikon fitar da gyaɗa waje ita kaɗai, a shekarar kuma aka kafa COPRO-Niger don shigo da wasu kayan masarufi. Na SONARA ma juyayyen babakere ne, mai saye ne ɗaya masu sayarwa dubbai, gwamnati ta yanke farashi a farkon kaka, manomi ya ɗoro buhunanshi a amalanke ya kawo wurin sikeli, a auna a biya shi abin da aka yanke, ba ciniki ba albarka, ribar da ke tsakanin wannan kuɗin da na kasuwar duniya kuma ta tafi baitulmali da hannun masu lasisin saye, cikinsu har da alhazan Maradi da yawa da suka fara tara jari ta nan. Ni a ganina manomi ne ya ɗauki nauyin gina ƙasa a waɗannan shekaru ba tare da an tambaye shi ba.

Amma fa babakeren bai taɓa cika ba, saboda iyaka na nan kusa. Shekarar da farashin Najeriya ya fi, gujiya sai ta bi daji ta ɓulla Jibiya da Katsina, shekarar da sefa ta fi daraja kuma ta can ke kwararowa nan. Daga baya farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya noman, SONARA ba ta sake tashi da ƙarfinta ba.

Labarin mai ma haka yake. SONIDEP tun 1977 ita doka ta ba shigo da man fetur, amma duk ɗan kabu-kabu a Maradi ya san ruwa-ruwa, kwalaben da ake jerawa kan tebur a bakin titi da mazurari a gefe, lita ɗaya a zuba ma ka wuce. Shekara da shekaru wannan ne ya riƙe gari, sai da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 arahar ta ragu mutane suka koma bin layin gidan mai.

Inda aka ga amfanin buɗe ƙofa ƙarara shi ne tarho. Lokacin da layin waya ke hannun kamfanin gwamnati kaɗai, ɗaiɗaikun gidaje da ofisoshi ke da shi. Da Celtel ta shigo a 2001, Orange ta biyo a 2008, sai gasa ta sa har mai tallan goro ya mallaki salula, wasu ma da sim biyu, wannan na kira wancan na intanet, duk wanda ya tsawwala a cire shi. Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta fitar da dokokin gasa a 2002 da suka haramta haɗa baki kan farashi da kuma amfani da rinjaye don danne ƙananan ƴan kasuwa, kuma Nijar na cikin ƙasashen da dokokin suka hau kansu.