Tarin fuka ba gadon gida ba ne

A Sakkwato har yau za ka ji ana cewa gidan su wane suna da gadon tarin fuka, wani lokacin ma a fasa aure saboda haka. Ba a gadonsa. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, kuma ta iska ake shaƙar ta. Yana bin 'yan gida ɗaya ne don ɗaki ɗaya suke kwana, balle lokacin hunturu da ake rufe tagogi.

To me ya sa wani ke kwantawa, ɗan'uwansa kuwa lafiya lau? Idan ƙwayar ta shiga huhu, garkuwar jiki kan kewaye ta, iska ta yi mata ƙaranci. Sai ta kunna wasu ƙwayoyin halittarta kusan 50, wato umarnin da ke cikinta masu sarrafa aikinta, kamar mai danna makunnin lantarki, ta rage aiki ta lafe, har tsawon shekaru. Shi ma jiki kunna nasa yake yi domin ya tsare ta. Shi ya sa cikin waɗanda suka kamu da ƙwayar, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ciwon ke tasowa musu, galibi idan yunwa, ciwon suga ko ƙanjamau sun raunana garkuwar. Halittar mutum na iya ƙara masa rauni, amma in ba ƙwayar, ba ciwo.

Wannan lafewar na cikin dalilan da maganin ke ɗaukar wata 6, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati.