Tsaro da Kiyaye Ƙa'ida a Ƙungiyoyin Mazauna Unguwa

Ƙungiyar mazauna unguwa haɗin gwiwa ce ta masu gidaje, wani lokaci har da 'yan haya, da ke zaune a unguwa ɗaya ko rukunin gidaje ɗaya, waɗanda suka amince su riƙa tara kuɗi tare da kafa wa kansu ƙa'idoji domin kula da abin da ya shafe su baki ɗaya, kamar gadin dare, fitilun titi, yashe magudanan ruwa da kwashe shara. Tsaro da tilasta bin ƙa'ida su ne ɓangaren aikinta da ya fi jawo gardama, domin a nan ne ƙungiyar da ba hukuma ba take yin abin da ya yi kama da aikin hukuma: tana tare hanya, tana tambayar baƙo inda ya nufa, tana cin tara. Girman ikonta da iyakarsa sun dogara ne ga inda ta samo shi, kuma ta wannan fuska akwai tazara mai faɗi tsakanin tsarin Amurka da Turai da wanda ake gani a unguwannin Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusseri a arewacin Kamaru, da na Njamena a Cadi.

Inda iko yake cikin takardar gida

A Amurka, inda wannan tsari ya fi kafuwa, kamfanin da ya gina rukunin gidaje ne yake rubuta sharuɗɗan zama, ya yi musu rajista tare da takardun filin tun kafin a sayar da gida ko ɗaya. Duk wanda ya sayi gida a ciki ya zama ɗan ƙungiya ko ya so ko bai so ba, kuma sharuɗɗan suna bin gidan ne, ba mai shi ba. Masu gidaje suna zaɓen kwamitin gudanarwa, kwamitin kuma ya ɗauki kamfanin da zai riƙa karɓar kuɗin wata, ya biya masu gadi, ya aika takardar gargaɗi ga wanda ya saɓa ƙa'ida, ko da a kan launin fentin gida ne ko wurin ajiye mota. A jihohi da yawa, idan mutum ya daɗe bai biya ba, ƙungiya na iya ɗora bashin a kan gidan, har ta kai ga sa a yi gwanjonsa. Ana ƙiyasin cewa irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 350,000 a ƙasar, kuma mutum sama da miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashinsu.

Doka ta sha rage musu ƙarfi. A farkon ƙarni na 20 an yi amfani da irin waɗannan sharuɗɗa wajen hana baƙar fata da Yahudawa sayen gida a wasu unguwanni, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1948 cewa kotuna ba za su tilasta bin sharaɗin wariyar launin fata ba, sannan dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta wariyar kai tsaye. A Faransa kuwa dokar 10 ga Yulin 1965 ce ta tsara mallakar haɗin gwiwa a gidajen bene, inda babban taron masu ɗakuna ke naɗa wakilin da zai kula da ginin ya kuma karɓi kason kowa. Kamaru ta yi tata dokar mai kama da wannan a Disambar 2010, sai dai aikinta ya fi shafar benayen Yawunde da Duwala, domin a arewa yawancin mutane a gidajen ƙasa suke zaune, kowa da katangarsa da zaurensa.

Arewacin Kamaru da Cadi

A nan ba takardar fili ce ke ɗaure mutum ga unguwarsa ba. Gidaje da dama ma ba su da cikakkiyar takardar mallaka irin wadda dokokin ƙasa na 1974 da 1976 suka tanada a Kamaru, sai shaidar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu. Saboda haka ƙungiyar unguwa tana tsayawa ne a kan abu biyu: yardar mazauna da goyon bayan sarautar gargajiya. Dokar shugaban ƙasa ta 15 ga Yulin 1977 ta kasa sarautun gargajiya na Kamaru daraja uku, ta kuma ɗauki masu riƙe da su a matsayin mataimakan hukuma, waɗanda ke isar da umarnin gwamnati, su taimaka wajen kiyaye zaman lafiya, su yi sulhu tsakanin jama'arsu bisa al'ada. A arewa wannan ya yi daidai da jerin da aka sani tun kafin zuwan Turawa: lamiɗo a sama, lawan a tsakiya, sai jauro ko bulama a matakin ƙauye da unguwa. Tun daga 2013 gwamnati na ba su alawus na wata, inda mai daraja ta ɗaya ke samun sefa 200,000, ta biyu 100,000, ta uku 50,000. Hausawan da ke zaune a Hausare ta Garwa ko Unguwar Hausawa ta Ngaundare suna da nasu sarakunan Hausawa da masu unguwanni, waɗanda ke aiki a inuwar fadar lamiɗo.

Ƙungiyar da ke son doka ta san da zamanta a Kamaru tana bin dokar 'yancin kafa ƙungiya ta 19 ga Disambar 1990, wato ta kai tsarin mulkinta da sunayen shugabanninta ofishin firefe, wakilin gwamnati a yankin, kuma idan wata biyu suka wuce ba a ce komai ba, ana ɗaukar cewa ta kafu. Ministan cikin gida na da ikon dakatar da ita har tsawon wata uku idan aka ga tana barazana ga zaman lafiya. A Cadi ƙofar ta fi ƙunci, domin dokar da aka fitar a Yunin 2018 ta sa dole sai an sami izinin hukuma kafin ƙungiya ta fara aiki, ta kuma hana ƙungiyoyin da aka gina a kan ɓangaranci ko ƙabila. A Njamena, birnin da aka kasa gundumomi 10, kowace gunduma unguwanni, kowace unguwa kare-kare, wato ƙananan rukunan gidaje, shirye-shiryen tsaron unguwa sukan tafi ta hannun shugaban irin wannan rukuni da wakilin unguwa.

Gadi da sintiri

Tsarin da aka fi gani mai sauƙi ne. Bayan an yi sata biyu ko uku a jere, dattawa kan taru a ƙofar gidan mai unguwa ko a masallaci bayan sallar isha, a yanke abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata, mai shago ya fi mai gida, gwauruwa da marar ƙarfi a ɗauke musu. Ana naɗa ma'aji da magatakarda, a sayi littafi mai layi inda ake rubuta sunayen magidanta, ƙarshen wata kuma ma'aji ya bi gida-gida yana sa alama a gaban wanda ya biya. Da kuɗin ake ɗaukar masu gadi, ko a ba matasan unguwa da ke sintiri abin shayi da batirin tocila. Kayan aikinsu ba su wuce tocila, usur, gora da wayar hannu ba. A bakin lungu akan gitta dogon ƙarfe a kan rabin ganga biyu da aka cika da siminti, a sauke shi idan dare ya raba, kuma ɗan acaɓan da ya zo bayan lokacin sai ya kashe inji ya faɗi gidan da zai kai fasinja. Busa usur sau ɗaya alama ce ta cewa ana nan a farke, busa mai tsawo ba ƙaƙƙautawa kuwa kira ne ga duk namijin da ke unguwar ya fito.

Unguwannin masu hali da rukunin gidajen ma'aikata sukan ɗauki kamfanin gadi. A Kamaru dokar 10 ga Satumbar 1997, wadda aka yi wa gyara a 2014, ita ce ta tsara wannan sana'a, kuma ba a yin ta sai da amincewar gwamnati. Ko ta wace hanya aka bi, matsalar da ke kashe shirin ɗaya ce: idan sata ta lafa, biya ya ja baya, albashin mai gadi ya maƙale, mai gadin da bai ci ba kuwa barci zai yi ko ya nemi wani aikin da rana ya zo a gajiye.

Kwamitocin sa ido

Tsaron sa-kai a yankin ya girmi rikicin Boko Haram. A shekarun 1990 'yan fashin hanya da ake kira zargina sun addabi matafiya da makiyaya a arewacin Kamaru da kudancin Cadi, abin da ya sa sarakuna suka riƙa haɗa maharba da dogarai domin rakiyar 'yan kasuwa, gwamnatin Kamaru kuma ta kafa rundunar da daga baya, a 2001, ta zama BIR, rundunar sojojin kai ɗaukin gaggawa. Amma abin da ya sauya fuskar lamarin shi ne hare-haren ƙunar baƙin wake na 2015: a Njamena ranar 15 ga Yuni da kuma 11 ga Yuli a babbar kasuwa, a Fotokol ranar 12 ga Yuli, a Marwa ranakun 22 da 25 ga Yuli. Hukumomi sun hana sa niƙabi a Cadi da jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, suka taƙaita zirga-zirgar babura, suka kuma ƙarfafa kafa kwamitocin sa ido a garuruwa irin su Mora, Kolofata, Kerawa da Amshide. Ana rubuta sunayen 'yan kwamiti a ofishin sufirefe, jami'in da ke ƙarƙashin firefe, da sanin sarkin gari, suna riƙe da kwari da baka, adduna da bindigogin toka, suna binciken masu shiga kasuwa da masallaci, suna kai rahoto ga sojoji. Ƙungiyar International Crisis Group mai nazarin rikice-rikice ta ƙiyasta yawansu a Arewa Mai Nisa da kimanin 14,000 a 2018.

Babu mai musun cewa sun ceci rayuka, kuma da yawansu sun mutu a yayin tare masu ɗauke da bam kafin su kai cikin taro. Haka kuma an sami koke-koke a kan wasunsu game da karɓar kuɗi a shinge, da ƙulla wa abokin gaba sharrin alaƙa da 'yan tada ƙayar baya saboda rikicin gona ko bashi. Waɗannan kwamitoci ba ƙungiyoyin masu gidaje ba ne, amma daga gare su ne unguwannin birni suka ɗauki al'adar shinge, rajistar baƙi da umarnin cewa duk wanda ya sauki baƙo ya sanar da mai unguwa.

Tara da ladabtarwa

Ƙa'idojin unguwa sukan shafi zuba ruwan wanka a hanya, jibge shara a kwata, sakin dabbobi, toshe lungu da rumfar biki ba tare da sanarwa ba, kiɗa har tsakar dare, da ba da haya ga wanda ba a san asalinsa ba. Matakin farko magana ce, wato a aiko dattijo ya ja kunnen mai gida. Idan bai ji ba a kira shi zauren mai unguwa, a nan ne ake yanka tara, wadda sau da yawa ba kuɗi ba ce, buhun siminti ne na gyaran kwalbati ko aikin gayya na yini guda. A gaban doka wannan tara ba ta da ƙarfi a kan wanda bai amince da tsarin ƙungiyar ba, kuma babu wanda zai iya taɓa gidansa saboda ita. Ƙarfinta na wajen kunya ne, domin mutumin da aka karanta sunansa cikin waɗanda ba su biya ba ya san cewa ranar sunan ɗansa ko jana'izar wani nasa waɗannan mutanen ne zai aika wa goro. Hanyar tana aiki sosai a kan magidancin da ya gaji gidan ubansa, amma ba ta cika kama ɗan haya ko ma'aikacin da aka turo na shekara biyu ba, kuma ba ta kama attajirin da ke da nasa mai gadin. Ta wani gefen kuma, 'yan haya da mata masu riƙe da gida suna biya amma ba kasafai ake jin ta bakinsu a taro ba, wanda gibi ne na gaske a tsarin.

A Afirka ta Kudu an gwada wannan batu a kotu: a 2019 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa titunan cikin wani killataccen rukuni kusa da Durban ba na jama'a ba ne, don haka tarar gudun wuce sa'a da ƙungiyar ke yanka wa mazauna halal ce, tunda yarjejeniya ce suka sa wa hannu. Lungun unguwa a Marwa ko Kusseri hanyar jama'a ce, kuma shingen da ke bakinsa yana tsaye ne da haƙurin hukuma kawai.

Iyakar iko

Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka zartar a 2005 ta fara aiki a 2007, ta ba kowane mutum damar kama wanda ya tarar yana cikin aikata laifi, amma ta hana cutar da wanda aka kama a jikinsa ko a hankalinsa. Abin da ya rage wa 'yan sintiri shi ne su miƙa shi ga 'yan sanda ko jandarmomi, waɗanda ake kira ta lamba 117 da 113. Dukan ɓarawo, ɗaure shi a gindin bishiya har gari ya waye ko tilasta masa amsa laifi duk laifuka ne da ake gurfanar da mutum a kansu, ko da unguwa gaba ɗaya ta yarda an yi daidai. Abin da ke tunzura mutane sananne ne, wato ganin wanda aka miƙa jiya yana yawo a kasuwa yau, sai dai ihun "ɓarawo" a cikin duhu ya sha faɗawa kan baƙo ko mai taɓin hankali.

Misalin da aka fi ambata a duniya ya faru ne a garin Sanford na jihar Florida ranar 26 ga Fabrairun 2012, lokacin da George Zimmerman, jagoran sintirin sa-kai na wani killataccen rukuni, ya bi Trayvon Martin, matashi baƙar fata ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, duk da cewa jami'in da ya amsa kiran da ya yi wa 'yan sanda ya ce masa ba a buƙatar ya bi shi, ya kuma harbe shi a yayin artabu. Kotu ta wanke Zimmerman a Yulin 2013, amma ƙungiyar masu gidajen ta biya iyayen yaron diyya ta hanyar sasantawa.

A Kamaru, kundin dokar ƙananan hukumomi na 24 ga Disambar 2019 ya amince da kwamitocin unguwa da na ƙauye a matsayin hanyar shigar jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, sannan dokar shugaban ƙasa ta Agustan 2022 ta fayyace aikin 'yan sandan magajin gari, wanda ya shafi tsafta, tsarin kasuwa da cunkoson hanya. Wannan ya ba ƙungiyoyin unguwa ofishin da za su kai ƙarar mai zuba shara a magudana ko mai gini a kan hanya, yayin da binciken laifi da tsare mutum suka ci gaba da zama a hannun 'yan sandan ƙasa da jandarmomi.