Waiwaye: wa ya kafa dokar dole sai da mai magani a tawaga?

Duk wanda ya fara buga irin gem ɗin nan na dodanni da tsafi da takobi, inda za ka haɗa mutum huɗu ko shida ka shiga kogo da su, abu na farko da tsofaffin hannu za su gaya masa shi ne ka sa mai sulke a gaba ya sha duka, ka ɓoye mai magani a baya yana ƙara wa mutane jini, sauran kuma su yi ta sara. Ni ma haka aka koya min, kuma na daɗe ina ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Ashe dokar tana da tarihi, kuma rabinta dabarar kwamfuta ce kawai.

Tushen dai ba a kwamfuta yake ba, a kan tebur yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasa ne na takarda da fensir da ƴaƴan caca masu lamba, kuma sana'a uku ce kacal a ciki: mayaƙi, matsafi, da mai addu'a wanda ke warkar da rauni. Ɓarawo mai buɗe kwaɗo da kwance tarko sai a 1975 aka ƙaro shi. Amma ku lura da abu ɗaya, a tebur mutum ne yake riƙe da dodanni, shi ke yanke wa za a kai wa hari, in ya ga dama ya tsallake mai sulken ya je ya maƙure matsafin da ke baya, babu wanda zai hana shi.

Da aka zo kwamfuta sai tambayar ta zama: dodo wa zai daka? Wizardry na 1981, wanda Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka yi wa kwamfutar Apple II, ya ba da amsa mafi sauƙi. Mutum shida, ukun farko a jerin su ne a gaba, su ke sara su ke shan sara, ukun baya sai dai tsafi. Shi kenan dabarar, wa ka rubuta a sama wa ka rubuta a ƙasa. Kamar dai yadda ake ba da labarin yaƙin da a ƙasarmu, ƴan lifida su tare gaba, ƴan baka su samu sararin harbi. Kuma gem ɗin ba shi da tausayi ko kaɗan, in mutuminka ya mutu ka kai shi a tashe shi da kuɗi masu yawa, aikin yana iya ɓaci ya koma toka, in kuwa duk shidan suka mutu to gawarsu na can cikin kogon sai ka haɗa wata tawagar ta je ta kwaso su. Wanda ya taɓa shan wannan ba sai an roƙe shi ya ɗauki mai magani ba. Tsoro ne ya kafa masa kujera.

Ƴan Japan suka ɗauki abin suka sassauta shi. Dragon Quest na 1986 jarumi ɗaya ne tilo, na uku a 1988 ya ba ka damar ɗaukar abokan tafiya uku ka zaɓa musu sana'a. Final Fantasy na 1987 kuwa mutum huɗu za ka zaɓa daga sana'a shida, kuma babu mai tilasta maka, shi ya sa har yau akwai masu taurin kai da ke gama shi da masu magani huɗu zalla don a ce sun iya.

To ainihin dokar nan ta mutum uku, wato mai shan duka da mai magani da mai sara, a gem ɗin intanet aka ƙera ta. A EverQuest na 1999 dodo yana da lissafin haushi a cikinsa, duk wanda ya fi ba shi haushi shi yake bi, sara yana ƙara haushin, warkarwa ma tana ƙarawa, sai aka ba mayaƙi dabarar tsokana don ya riƙa janyo haushin kansa. Kun ga kenan dodon ba tunani yake ba, lamba yake kallo, shi ya sa zai tsaya yana jibgar mutumin da ya fi kowa kaurin sulke alhali ga wani siriri a gefe yana ƙona shi da wuta. Abin da mutane suka manta kuma, na ukun a wancan lokacin ba mai sara ba ne, mai sa dodanni barci ne, wanda zai daskarar da uku a ji da ɗaya. World of Warcraft ya zo a 2004 da tawagar mutum biyar, tanki ɗaya wato mai sulken da ke shan duka, mai magani ɗaya, masu duka uku, kuma da yake miliyoyi sun buga shi sai wannan tsarin ya zama kamar karatun farko, har mutane suka riƙa kai shi cikin gem ɗin da ba su da lissafin haushin ma sam.

Misalin gem ɗin da ba shi da wannan lissafin shi ne Baldur's Gate na 1998 da kamfanin BioWare suka yi. Mutum shida, faɗa yana tafiya kai tsaye amma kana iya tsayar da shi ka raba umarni. A can abin da ke cin faɗa shi ne ka tare bakin ƙofa, ka jefa tsafin barci ko na yanar gizo-gizo, maharba su gama aikin. Kuma a nan ƴan tawagar mutane ne masu hali, wani ba ya tafiya sai da matarsa, wani in sunanka ya yi kyau da yawa a gari sai ya yi fushi ya kama gabansa, ka ga ba lamba kaɗai kake haɗawa ba har da zaman lafiyar gida. Dragon Age: Origins na 2009, su BioWare ɗin dai, ya rage su zuwa huɗu ya dawo da tsokana irin ta intanet, ya kuma ba ka damar rubuta wa kowa sharaɗi, in jinin wane ya yi ƙasa da rabi ka warkar da shi, irin abin da Final Fantasy XII ya yi a 2006.

Waɗanda suka girgiza dokar sosai su ne kamfanin Larian na Beljiyam. A Divinity: Original Sin na 2014 ƙasar da kake tsaye a kai ita ce makami, ka zuba mai ka kunna wuta, ka jiƙa wuri ka sake masa lantarki, kuma bi da bi ake yi kamar dara. Baldur's Gate 3 da suka fitar a 2023 ya ɗora a kai, mutum huɗu, sana'a 12, wanda ke kan tudu yana samun ƙarin 2 a harbinsa, kana iya ture bos, wato babban dodo, sukutum ya faɗa rami, kwalbar magani kowa na iya sha ko ma a jefa wa wanda ya faɗi. Dodannin kuma sun koma irin na tebur, sau da yawa sai su bar mai sulken su nufi mai rauni. Warkarwa a tsakiyar faɗa ba ta kai dukan da ake sha ba, don haka a ganina duk juyin da ka kashe kana ƙara jini asara ce, gara ka kashe ɗaya ka rage hannayen da ke dukanku. Mai addu'ar da ke cikin labarin ma, mutane da yawa zuwa suke wajen Withers, wani mai sauya wa mutane sana'a a cikin gem ɗin, su biya zinare 100 a sauya mata fanni ta koma mai ƙona dodanni da haske.

Na gwada tafiya babu mai magani ko ɗaya, ta yi kyau har wani faɗa a bakin gada inda aka ture min mutum biyu ƙasa a juyi ɗaya. Can kam ko da mai maganin ba abin da zai yi, matsayin da na tsayar da su ne ya kashe su, sai da na sake lodawa sau huɗu kafin na gane in matsar da su daga gefen.