Babur na farko a Legas: tambayoyin sabon mahayi da amsoshinsu

Matasa da yawa daga Arewa suna isowa Legas da niyyar sayen babur, wasu don neman abinci, wasu kuma don rage kuɗin mota tsakanin gida da wurin aiki, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Tambayoyin da ke ƙasa su ne irin waɗanda ake yawan ji a majalisun Hausawa na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago.

Tambaya: Na tara kuɗina, wane babur ya kamata in saya?

Amsa: Kafin a zo kan sunan babur, sai ka fara faɗin unguwar da za ka riƙa hawansa da kuma aikin da zai yi maka, domin a Legas doka ce take fara zaɓar wa mutum babur kafin aljihunsa. A shekarar 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, dokar zirga-zirga ta jihar ta hana acaɓa bin hanyoyi 475. Dokar gyaran harkar sufuri ta 2018 ta ƙara ƙarfafa wannan hani a kan manyan tituna da gadoji, irin su gadar Third Mainland, gadar Eko, titin Ikorodu da babban titin Apapa zuwa Oshodi. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya tsaurara lamarin daga 1 ga Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A ranar 1 ga Satumbar shekarar aka ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin.

A lura da cewa Mile 12 tana cikin yankin Kosofe, Idi-Araba kuma tana cikin Mushin, wato wuraren da Hausawa suka fi yawa ma haramcin ya shafe su. Hukuncin da doka ta tanada yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3, ga direba da fasinja duka, baburan da aka kama kuwa an sha nuna su a bainar jama'a ana murƙushe su. Wanda ya zuba dukiyarsa a babur ba tare da sanin wannan ba, yana iya wayar gari ba babur ba kuɗi. Masu ɗaukar fasinja yanzu sun fi karkata ne zuwa lungunan Alimosho, Ojo, Ikorodu, Badagry da Agege, kuma a can ɗin ma manyan tituna ba nasu ba ne.

Tambaya: To waɗanne babura ne nake gani suna wucewa a kan gada ba a taɓa su?

Amsa: Mafi yawansu na masu kai saƙo ne, waɗanda suke ɗauke da akwati a baya. Dokar ta sa iyaka a kan girman inji, inda ta ce babur ɗin da zai yi wannan aiki a manyan tituna kada ya gaza cc 200, kuma sai da izinin ma'aikatar sufuri ta jihar, ba ya ɗaukar fasinja. Wannan ne ya sa kamfanonin acaɓa irin su Gokada suka koma kai kaya da abinci bayan hanin 2020. Sauran kuwa manyan baburan gudu ne na masu hali. Idan niyyarka kai saƙo ce tsakanin Ikeja da Lekki, sayen ƙaramin babur mai cc 100 asarar kuɗi ce komai arharsa. Idan kuma don hawan kanka ne, ka sani cewa ƙaramin babur irin na 'yan acaɓa yana jawo tsayarwa a hanya ko da ba ka taɓa ɗaukar kowa ba, saboda jami'i ba ya karanta niyya, siffar babur yake gani.

Tambaya: A cikin waɗanda ake sayarwa, wanne ya fi dacewa da sabon hannu?

Amsa: Ga mai yawo a cikin unguwa, Bajaj Boxer na Indiya ya yi suna ne saboda dalilai uku: ba ya shan mai sosai, yana jure kaya da ramuka, kuma babu bakaniken babur a Legas da bai san cikinsa ba. TVS HLX, wanda shi ma na Indiya ne, yana biye da shi a wannan fage. Honda Ace, da ake haɗawa a Ota ta jihar Ogun, yana da laushin inji, sai dai kayan gyaransa na asali sukan fi tsada. Akwai kuma na ƙasar Sin irin su Haojue da Jincheng, da ƙananan nan da ake kira roba-roba, waɗanda ba su da wahalar giya kuma sun dace da zuwa kasuwa ko masallaci, amma ba su son doguwar tafiya da nauyi. Masu kai saƙo sun fi amfani da Qlink mai cc 200 da makamantansa.

A ganina, abin da ya fi suna muhimmanci shi ne a hau babur ɗin a tsaye a ga ko ƙafafu biyu suna taka ƙasa sosai, kuma a gwada ko mutum zai iya tayar da shi shi kaɗai idan ya faɗi. Sannan a zaga shagunan kayan gyara na unguwar da ake zaune, a tambayi farashin sarƙa, fulogi da takalmin birki na irin babur ɗin. Babur ɗin da sai an je Oyingbo kafin a samo masa ƙaramin abu zai riƙa kwana a wurin gyara. Babban babur na gudu kuwa bai dace da wanda yake farawa ba, domin ƙaramin kuskure a totur yana isa ya jefa mutum ƙarƙashin mota.

Tambaya: Sabo zan saya ko na hannu?

Amsa: Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa sabon babur ya fi ƙarfin mutane da yawa, saboda haka na hannu ba abin kunya ba ne, illa dai yana buƙatar ido. A je dubawa da sassafe, a taɓa injin da bayan hannu. Idan an same shi da ɗumi, mai sayarwa ya riga ya tayar da shi, wataƙila don ya ɓoye wahalar tashi. A buga kik a saurari ƙara, a dubi salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji mai ƙona baƙin mai. A zaro ma'aunin baƙin mai a duba, idan ya yi fari-fari to ruwa ya shiga injin, abin da ya zama ruwan dare a garin da ambaliya ke cin unguwanni duk damina. A dubi haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini kamar na zarto to canji ya zo. A durƙusa a leƙa ƙarƙashin tanki da gindin firam, saboda iskar teku tana cin ƙarfe daga inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne lambar inji da lambar firam su yi daidai da abin da ke cikin rasit ɗin asali. In an ga alamar goge lamba ko sake buga ta, a bar cinikin ko da kyauta ne, domin babur ɗin sata yana kai mai saye ofishin 'yan sanda, ba ɓarawon kaɗai ba. A rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, kuma a tafi da bakanike na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba.

Tambaya: Waɗanne takardu ake bukata?

Amsa: Lasisin tuƙi rukunin A, wanda shi ne na babur, kuma sai an cika shekara 18 da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Sai rajistar lamba a hukumar rajistar ababen hawa ta jihar, wato MVAA, da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, jami'an hukumar kula da zirga-zirga ta jihar (LASTMA) da masu duba lafiyar ababen hawa duk suna iya tsayar da kai. A yi takardun a ofis, a guji 'yan bakin ƙofa masu cewa za su gama cikin awa ɗaya.

Tambaya: Ni ai tun ina yaro nake hawan babur a garinmu, me kuma zan koya?

Amsa: Wannan tunani ya jikkata mutane da yawa. Wanda ya saba da hanyar yashi ya koyi taka birkin baya kawai, saboda na gaba yana kayar da mutum a rairayi. A kan kwalta kuwa birkin gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayawa, kuma sai an koyi matsa shi a hankali tare da na baya, ba fizga ba. A sami fili, ko titin unguwa da safiyar Lahadi, a yi ta gwada tashi, juyawa a matsattsen wuri da tsayawar gaggawa har hannu ya saba, kafin a shiga cunkoso.

Hanyar Legas tana da nata halin. Direban danfo, wato ƙaramar bas ta haya, yana tsayawa duk inda ya ga fasinja, ba sigina, kuma kwandasta na iya dirowa a gabanka. Direban tirela yana zaune ne a hagu, don haka gefen damansa ba ya ganin komai a ƙasa. Kada ka kuskura ka shiga tsakanin tirela da kwalbati, balle idan tana shirin shan kwana ko tana ɗauke da kwantena. Layin da aka keɓe wa manyan bas-bas na BRT ba na babur ba ne, bin hanya ta baibai kuma laifi ne da ake ƙwace abin hawa a kansa. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba, ruwa yana rufe ramuka da buɗaɗɗun magudanai, kuma farkon saukar ruwa ya fi santsi domin yana taso da man da ya zube a kan titi. Inda ruwa ya kwanta ba ka ganin ƙasa, ka tsaya ka ga inda wani ya bi. Fasinja kuwa a jinkirta ɗaukarsa har sai an ƙware, domin nauyinsa yana canza yadda babur ke juyawa da tsayawa.

Tambaya: Hular kwano dole ce, da wannan zafi?

Amsa: Dole ce a doka tun 1 ga Janairun 2009, lokacin da aka ga wasu suna kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Wanda ya taɓa kai ziyara asibitin ƙashi na Igbobi ba ya bukatar dogon bayani. A sayi wadda ta rufe haɓa, ta kama kai ba ta rawa, a kuma ɗaure igiyarta, domin hular da ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya kai ƙasa. Hular magina ba ta wannan aiki. A bar silifas a sa takalmi rufaffe, a tattare jallabiya ko babbar riga, mace kuma ta naɗe hijabi da zani sosai, saboda bakin tufa yana shiga tayar baya ya fizgo mutum. A ajiye lambobin gaggawa na 112 da 767 a waya.

Tambaya: Wani ya ce zai ba ni babur in riƙa biya sannu a hankali. In karɓa?

Amsa: Ka fara haɗa jimillar abin da za ka biya har ƙarshe ka kwatanta da farashin shago, sannan ka cire kuɗin mai, tikitin ƙungiya da gyara daga abin da kake sa ran samu a rana. Tambayar da aka fi mantawa ita ce wa zai ɗauki asara idan jami'ai suka kama babur ɗin ko aka sace shi, kuma me zai faru idan rashin lafiya ta hana ka kawo balas na mako biyu. A rubuta amsoshin a takarda, da shaidu daga kowane ɓangare, in da hali a gaban wani babba na unguwa.

Tambaya: Idan na sayi sabo, yaya zan kula da shi a makonnin farko?

Amsa: Kada a matsa masa gudu ko a ɗora masa kaya mai nauyi kafin injin ya sake. A juye baƙin mai na farko da wuri kamar yadda littafin babur ɗin ya nuna, domin yana fitowa da ɓarɓashin ƙarfe, kuma a sayi man a rufe daga amintaccen shago maimakon na kwalba a bakin titi. Kowace safiya a matsa tayoyi, a gwada birki biyu da fitilu, a taɓa sarƙa a ji ba ta yi sako-sako ba kuma ba ta ɗaure tam ba. Bayan an bi ta cikin ruwa a wanke laka a shafa wa sarƙa mai, da dare kuma a shigar da shi cikin gida ko a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin abin da ba ya ɗaukuwa, domin makullin kai kaɗai ba ya hana mutum biyu su ɗaga shi su jefa a mota.